Yuro 28 a Rana: Abin da Na Gani a Garin Geel

A arewacin ƙasar Beljiyam, cikin lardin Antwerp, akwai wani gari mai suna Geel wanda mutanensa suka ɗan haura dubu 40. Ba shi da dutse, ba shi da teku, ba shi da wani dogon bene da zai sa baƙo ya ɗaga kai har hularsa ta faɗi. Abin da ya fitar da sunansa duniya wata al'ada ce da ta shafe kusan shekara 700: magidanta su karɓi masu taɓin hankali da masu tawayar ƙwaƙwalwa, waɗanda ba dangin iya ba na baba, su zauna da su a gida ɗaya, a ci daga tukunya ɗaya, sau da yawa har mutuwa ta raba.

Wani aiki ne ya kai ni Antwerp, a can na haɗu da wata ma'aikaciyar jinya haifaffiyar Geel. Da hira ta kawo mu kan yadda ake kula da irin waɗannan bayin Allah, sai ta ce in daina tambaya, in hau jirgin ƙasa in je in gani. Jirgin yana bi ta Lier da Herentals, yana keta shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai rairayi da shanu da itatuwa, bai cika awa guda ba ya sauke ni.

Abin mamaki na farko shi ne babu abin kallo. Na shiga gari ina ta baza ido ko zan ga wata alama, katanga ko masu gadi ko fararen riguna. Ban ga komai ba sai kekuna da shaguna da tsofaffi suna shan gahawa a dandalin kasuwa. Sai da na zauna na nutsu sannan idona ya fara tsinta. A shagon burodi wani mutum mai lalurar galahanga, furfura ta fara fito masa, ya zube sulallansa a kan kanta yana ƙirgawa ɗaya bayan ɗaya, ya ɓata lissafi ya koma farko. Mai shagon ta harɗe hannu tana jira, mutanen da ke layi suna hirarsu. Ba wanda ya yi tsaki, ba kuma wanda ya yi zumbur ya biya masa don tausayi. A wurin jiran bas wata mata tana magana ita kaɗai, murya a sama, matar da ke kusa da ita tana duba wayarta. Yara 'yan makaranta suka wuce a kan keke, ko waiwaye. Wanda ya taso inda yara ke bin irin wannan mata da tafi da waƙar tsokana ya san girman abin da nake faɗa.

Tushen abin addini ne. Mutanen Geel suna da labarin wata waliyyiya ta Kirista mai suna Dimpna, wadda suka ce 'yar wani sarki ce a ƙasar Ailan a ƙarni na 7. Bayan rasuwar uwarta sai hankalin uban ya gushe, ya ce ita zai aura saboda kamarsu. Ta gudu tare da wani limamin coci, suka tsallaka teku suka ɓuya a Geel, uban ya bi sawu ya same ta ya fille mata kai. Labari ne na baka, sai a ƙarni na 13 aka rubuta shi, amma mutane sun riƙe shi da gaske, suka riƙa kawo masu ciwon hankali kabarinta neman sauƙi. A 1349 aka fara gina babban cocin da ke ɗauke da sunanta, daga baya aka jingina masa ɗakin majiyyata inda mai neman lafiya zai kwana tara ana yi masa addu'o'i. Na shiga cocin, sanyi da duhu, da sassaƙen katako mai ba da labarinta daki-daki. Ɗakin majiyyatan ƙarami ne ƙwarai. Da baƙi suka yi masa yawa, sai malaman cocin suka fara raba su gidajen maƙwabta, kamar yadda fatoma ke saukar da fatake a zango. Wasu suka warke suka koma, wasu danginsu suka bar su a nan ba su sake waiwayowa ba. Daga nan riƙon ya kafu.

Tun farko akwai kuɗi a ciki, kuma mutanen garin ba sa ɓoyewa. Ƙasar yankin rairayi ce, noma a cikinta wahala ne, manoman talakawa ne. Dangin majiyyaci ko hukumar garinsu su biya ɗan abin da za a ci da shi, manomi kuma ya samu ƙarin hannu a gona da garke. Ba kowane gida ne ya yi adalci ba. Likitocin da suka ziyarci garin a ƙarni na 19, ciki har da Esquirol na Faransa a 1821, sun yaba da 'yancin da suka gani, amma an kuma rubuta cewa akwai gidajen da ake ɗaure mutum da mari. Wajen 1850 gwamnati ta karɓi sa ido, ta kawo likitoci, daga baya ta gina asibiti. Suna ya tafi har mahaifin shahararren mai zanen nan Vincent van Gogh ya taɓa tunanin kawo ɗansa nan. A 1938 adadin 'yan riƙo ya kai 3,736, wato kusan mutum ɗaya cikin kowane biyar a garin.

Mutum iri biyu ake riƙewa a Geel, kuma kyautuwa ya yi a bambance su. Mai taɓin hankali ciwo ne ya same shi, yakan taso yakan lafa, magani yana taimakonsa. Mai tawayar ƙwaƙwalwa kuwa haka aka haife shi, ko tun yana ƙarami abin ya same shi. Koyo yana yi masa wuya, lissafin kuɗi da tsallaka titi da shan magani a kan lokaci duk sai da mai tuna masa. Babu allurar da za ta kawar da wannan. Mutum yake buƙata kusa da shi, yau da gobe da jibi, shekara 50 ko 60. A nan ne maganar kuɗi take yin nauyi, domin duk wani tsari da za a yi masa, tsawon rai ne.

Ma'aikaciyar jinyar nan ta haɗa ni da wata dattijuwa a bayan gari, mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun watse birane. Gida ne na jan bulo, da ɗan lambu da kejin kaji a baya. Wanda ya buɗe mini ƙofa wani dattijo ne dogo, ya kama hannuna ya girgiza ya ƙi saki, yana ta faɗin sunansa yana maimaitawa. Shi ne ɗan riƙon. Ta ce tun yana saurayi aka kawo shi gidan surukanta, lokacin suna da shanu. Da surukan suka rasu, ita da mijinta suka gaje shi tare da gidan, domin ba wanda ya iya kallon idonsa ya ce masa ya tattara kayansa. Irin wannan gado ba baƙon abu ba ne a Geel. Akwai waɗanda suka yi shekara 30, 40 har 50 a hannun zuri'a ɗaya.

Ya ja ni ya nuna mini ɗakinsa, gadonsa, rediyonsa, hotunan 'yan wasan tseren keke da ya manna a bango. Aikinsa a gidan sananne ne: shi ke ba kaji abinci, shi ke kwaso ƙwai, shi ke fitar da shara ranar da motar shara za ta zo, kuma in ji ta bai taɓa mance ranar ba ko sau ɗaya, ita ce ma ke mancewa. Wasu ranakun yakan hau keke ya tafi cibiyar wuni da asibitin ke gudanarwa, ya yi 'yan ayyukan hannu, ya dawo da yamma. Da muka zauna shan gahawa, sai ya miƙa hannu zai ɗauki biskit na uku, ta buge hannun a hankali ta ce likita ya hana. Ya yi fushi, ya juya mana baya, bayan ɗan lokaci ya manta ya dawo yana ba ni labarin kazar da ta daina ƙwai. Na tambaye ta sunan lalurarsa a wurin likitoci. Ta ɗaga kafaɗa, ta ce ba ta taɓa tambaya ba. Al'adar garin ke nan tun da: ba a ba mai gida horo irin na ma'aikacin asibiti, ba a kuma cika gaya masa sunan ciwo, sai dai abin da dole ya sani don zaman ya yiwu.

To nawa ake biyanta? A 2023 jaridu sun ruwaito cewa ana ba mai riƙo tsakanin Yuro 23 zuwa 28 a rana kan kowane mutum ɗaya. Kada mai karatu ya yi saurin juya wannan zuwa Naira ko Sefa ya ce ai matar ta haye. A can, cin abincin rana sau ɗaya a gidan abinci mai sauƙi yana iya lashe fiye da rabin kuɗin. A mafi yawa, Yuro 840 ke nan a wata, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi ya haura Yuro 2,000 tun 2024. Daga cikin wannan ɗin za ta ciyar da shi, ta wanke masa kaya, ta ɗumama ɗakinsa a lokacin sanyi, wanda a Turai ba ƙaramin kashe kuɗi ba ne. In aka raba Yuro 28 a kan awa 24, kowace awa ta tashi a kan Yuro ɗaya da 'yan kai, tun kafin a cire kuɗin cefane.

Yanzu a duba ɗaya ɓangaren, wato gidan kulawa irin na hukuma inda ma'aikata ke karɓa-karɓa. Mako yana da awa 168. Ma'aikaci a Beljiyam awa 38 yake yi a mako. Ke nan kujera ɗaya tak da ake so kada ta zama babu kowa, dare da rana, tana bukatar mutum huɗu da kusan rabi, kuma in aka sa hutun shekara da rashin lafiya da haihuwa, sai an ɗauki biyar ko fiye. Aikin dare da na ƙarshen mako suna da ƙarin kuɗi. Ga mai dafa abinci, ga mai shara, ga shugaba da akawunsa, ga inshora. Shi ya sa a duk ƙasar da ta gina irin waɗannan gidaje, albashi ne ke cinye kaso mafi tsoka, ginin da abincin 'yan rakiya ne. Gado ɗaya a asibitin ƙwaƙwalwa a yammacin Turai yana cin ɗaruruwan Yuro a rana. Dattijuwar nan ita kaɗai take cike gurbin mutum biyar ɗin: ita ce mai aikin safe, ita ce ta dare, ita ce ta ranar Kirsimeti. Arahar Geel gaskiya ce a littafin gwamnati. A ɗakin girkin matar nan kuwa an biya kuɗin cif, da lokacinta aka biya.

Na faɗa mata haka, a cikin ladabi. Ta yi dariya ta ce ni ne nake ganin aiki, ita zama take yi. Ta ce da ba shi, da wa za ta yi faɗa da safe? Wa zai ji in ta faɗi a banɗaki? Ta ba ni labarin ranar da jiri ya kwashe ta a lambu, shi ne ya ruga gidan maƙwabta yana ihu har aka zo. Wannan ɓangaren lissafin babu akawun da zai iya shigar da shi, kuma ban yarda da masu cewa cin gumin mata ne kawai ba. Sai dai ban yarda da masu cewa tsantsar jinƙai ne ba. Zama ne na cuɗe-ni-in-cuɗe-ka wanda gwamnati ta samu a ɓagas, ta ɗora masa ɗan kuɗi.

Hausawa sun ce araha ba ta ado, amma a wannan fage tsada ma ba ta tabbatar da shi. A 2011 tashar BBC ta saka ɗan jarida a ɓoye cikin wani asibiti mai zaman kansa kusa da Bristol a Ingila, mai suna Winterbourne View, inda ake ajiye masu tawayar ƙwaƙwalwa. Aka ɗauko hoton ma'aikata suna marin majiyyata, suna danne su a ƙarƙashin kujera, suna sheƙa musu ruwan sanyi. A lokacin hukuma tana biyan kimanin Fam 3,500 a mako kan kowane mutum ɗaya a wurin, wato Fam 500 a rana, sama da Fam 180,000 a shekara. An rufe asibitin, kotu ta samu ma'aikata 11 da laifi, shida suka tafi gidan yari. Wurin yana cikin unguwar kamfanoni ne, babu maƙwabcin da zai ji kuka. A Geel kuwa, mai shagon burodi ta san kowa, kuma in ta ga tabo a fuskar wani gobe gari ya sani.

Duk da haka kada a ɗauka mutanen Geel an sakar musu kaya ne a ka an tafi. A bayan kowane gida akwai asibitin ƙwaƙwalwa na gwamnati da ke garin, wanda suke kira OPZ. Shi ke tantance wanda ya dace da zaman gida, yana ware wanda ake tsoron zai yi wa wani lahani. Shi ke duba gidan kafin a kai mutum, a gwada zaman a gani ko jininsu zai haɗu. Kowane ɗan riƙo yana da ma'aikacin jinya da ke zagayowa a kai a kai, ya kawo magani, ya zauna ya ji koken kowa. Akwai lambar da za a kira ko tsakar dare ne. In ciwo ya taso, akwai gado a asibiti, in ya lafa mutum ya koma ɗakinsa. In mai gida za ta yi tafiya ko ita ma ta kwanta jinya, akwai inda za a ajiye shi na ɗan lokaci. Wani rahoton 2016 ya ce gwamnati tana kashe Yuro 40 a rana kan kowane ɗan riƙo a lokacin, kuma abin da ke isa hannun mai gida bai kai rabi ba. Sauran yana tafiya ne wajen wannan rumfa da ke bayansa. Dattijuwar ta ce da babu wannan lambar waya da tuni ta miƙa wuya.

A sauran yankin Flanders, inda Geel yake, wata hanya aka bi. Tun 2017 kuɗin kula da manya masu nakasa ba a ba gidajen kulawa kai tsaye. Ana auna bukatar mutum, a yanka masa kasonsa na shekara, daga 'yan dubban Yuro zuwa dubun-dubata, shi da danginsa su zaɓi inda za su saya: gurbi a gidan kulawa, ko cibiyar wuni, ko mai taimako da zai riƙa zuwa gida. Hukumar VAPH ce ke raba shi. A takarda tsari ne mai kyau, domin ya mayar da mai nakasa mai ciniki da ake lallashi. Sai dai asusun bai isa kowa ba. Fiye da mutum dubu 15 suna layin jira, an kasa su rukuni uku bisa gaggawar bukata, kuma a rukuni na ƙarshe akwai waɗanda suka shafe wajen shekara 20 suna jira. Wa ke riƙe da su kafin layi ya zo? Iyayensu, galibi uwa, wadda sau da yawa takan rage aiki ko ta ajiye shi gaba ɗaya. Wannan a ɗaya daga cikin yankunan da suka fi arziki a Turai.

Shi kansa riƙon Geel yana ƙarewa a hankali. Daga 3,736 a 1938, a 2023 saura kimanin 120. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Gonakin da ke bukatar hannu sun koma hannun injina. Garin yanzu yana da masana'antun magunguna da manyan makarantu, miji da mata duka suna fita aiki da safe su kulle gida. Gidajen zamani ƙanana ne, babu ɗakin da ya rage. Tun daga shekarun 1950 magungunan ciwon hankali suka ba mutane da yawa damar zama su kaɗai da ɗan tallafi, an kuma buɗe ƙananan gidajen haɗaka a wasu garuruwan, ba sai an turo mutum Geel ba. Yawancin masu riƙon da suka rage tsofaffi ne, 'yan riƙon ma haka. A Disamban 2023 hukumar UNESCO ta sa al'adar cikin jerin kyawawan hanyoyin adana al'adun gargajiya na duniya. Mutanen garin sun yi murna, kuma sun cancanta, amma lambar yabo ba ta kawo sabon gida ko ɗaya da kanta. Lokacin da matan Geel suke bayarwa kusan kyauta yanzu yana da farashi a kasuwar aiki, kuma Yuro 28 ba ta kai farashin ba.

Akwai ɗan Najeriya da ya taɓa gwada makamancin wannan. A 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya dawo daga Ingila ya kama aiki a Aro, kusa da Abeokuta. Maimakon ya tara majiyyata a bayan katanga, sai ya shirya da ƙauyukan da ke kewaye: majiyyaci ya zo da ɗan'uwansa, su kama ɗaki a gidan wani baƙauye su biya haya, da rana su je asibiti, ma'aikatan jinya kuma suna nan kusa. Tsarin ya yi suna a duniya, shi kuma daga baya ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. Ke nan ba sai Bature ne zai koya mana ba.

A ƙasar Hausa ba mu rasa gidajen riƙo ba. Kusan kowace unguwa tana da uwa ko kaka ko yaya da ke ɗauke da irin wannan bawan Allah tun haihuwarsa, ba ta karɓar ko kwabo, kuma ba wanda ya taɓa ƙwanƙwasa mata ƙofa ya tambayi yadda take fama. In ta gaza, abin da ke biyo baya mun san shi: ɗaki a kulle, ko mari a ƙafa, ko bara a bakin titi. Ba mu da kuɗin gina gidajen kulawa masu ma'aikata biyar a kan kujera ɗaya, kuma bayan abin da na gani ban tabbata su ne ya kamata mu fara nema ba. Ma'aikacin lafiya mai zagayawa gida-gida, da lambar waya da za a ɗauka in an kira, da ɗan tallafi na wata-wata ga mai riƙo, da wurin da za a karɓi mutum na mako guda uwarsa ta huta: waɗannan ba su fi ƙarfin kasafin kowace jiha ba. Masu rubuta kasafin lafiya, ku fara da ƙidaya gidajen nan a ƙaramar hukuma ɗaya, ku tura musu ma'aikaci.